Zauren Kimiyya: Kwamfutar da ke kallon yadda muke haɗiya

 

Kun taɓa ƙwarewa kuna shan kunu? A maƙogwaro hanya biyu ce: ɗaya ta abinci zuwa ciki, ɗaya ta iska zuwa huhu. Duk lokacin da muka haɗiye, wani ɗan murfi yakan rufe ta iska, cikin kamar daƙiƙa ɗaya. In murfin ya makara, sai mu ƙware, tari ya fitar da abin.

Ga wasu kuwa, kullum haka suke fama, musamman tsofaffi da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Wani ma abinci na zarcewa huhunsa ba ko tari, har ya zama ciwon nimoniya mai kisa.

Yaya likita zai ga abin da ke faruwa a ciki? Tun 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A yau akan ba majiyyaci ruwa mai farin sinadarin bariyam, a ɗauki bidiyonsa da wannan haske yana haɗiya, hoto har 30 a daƙiƙa guda. Bin hotunan ɗaya bayan ɗaya na cin lokaci, kuma ƙwararru kan saɓa wa juna. Shi ya sa masana a ƙasashe irin su Amurka da Koriya ta Kudu ke koya wa kwamfuta da dubban hotuna, don ta bi motsin maƙogwaro, ta nuna inda ruwan ya kauce hanya. Hukunci dai na likita ne.

Amma kafin kwamfuta, idonku ne na farko. In Kaka tana tari a kan kowace loma, muryarta na gurgura bayan shan ruwa, ko tana ramewa, ku faɗa wa manya a kai ta asibiti. Daga nan ana iya tura ta Asibitin Koyarwa na Shika. A zaunar da ita kafin a ba ta abinci, kada a ɗura mata a kwance. Sodar haɗa sabulu kuma a ɓoye wa ƙanne, domin tana ƙona maƙogwaro har ya tsuke.

Tambayar mako: me ya sa ake hana surutu ana cin abinci? Ku aiko da amsa. Sai mako na gaba, in Allah Ya kai mu.