Mai gyaran famfo da takardar wanke kai

Jama'a, ina goyon bayan mai gyaran famfo ya rubuta yarjejeniya kafin ya taɓa tiyo, amma ban yarda da takardar da za ta ce kome ya lalace babu ruwansa ba. Ku dubi gidajenmu na Badagishiri, a kan hanyar Ƙonni zuwa Tawa: galibi ginin ƙasa ne. Haɗin tiyo ɗaya da ba a shafa wa gam sosai ba zai yi ta tsiyaya a gindin katanga, ƙasa ta jiƙe, ta kumbura, ran nan bango ya zauna, wataƙila har da na maƙwabci. Wa zai biya? Malamanmu na Malikiyya tuni suka ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka danƙa masa, kuma Muhtasar na Halil ya nuna ko ya gindaya sharaɗin kuɓuta, lamunin bai faɗi ba. To, shi ma a yi masa adalci. In maigida ya dage sai tiyo mai araha, ko ya hana a canza tsohon da ya ruɓe, a rubuta haka gaban shaidu biyu. Sakaci a haɗi kuwa na mai gyara ne, kada ku sa hannu a yafe masa shi.