Sunayen da Ba a Karantawa a Taron Tsofaffin 'Yan Makaranta

Idan hutun Kirsimati ya zo, ko kuwa babban hutu na damina, tsofaffin 'yan makarantun mishan na ƙasar Nijar sukan kira taro. Daga Yamai ake zuwa, daga Tawa, daga Damagaram, har da waɗanda aiki ya kai Kano da Kwatano. A jera kujeru, a yi addu'ar buɗewa, sa'an nan magatakarda ya miƙe da takardarsa ya karanta labarin 'yan'uwa: wane ya zama darakta, wane ya ci zaɓe ya shiga majalisa, 'yar wance ta gama karatun likita a Faransa, wane ya gina gidan bene. Kowane suna aka kira sai tafi. Bayan labari sai tuna baya. A tuna ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a bishiya maimakon ƙararrawa, a tuna ɗebo ruwa da asuba cikin ɗari, a tuna simbol, watau ɗan ƙashi ko guntun itacen da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa a cikin aji. A yi dariya har da hawaye, a ci abinci, a ɗauki hoto, kowa ya shiga motarsa.

Ba laifi ba ne mutane su taru su tuna ƙuruciya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wanda kuwa ya yi tafiyar kilomita 600 da wani abu daga Yamai zuwa Maraɗi don ya ga abokan ajinsa ya cancanci yabo. Laifin yana cikin takardar da magatakarda ke karantawa. Takardar nan ta zama rariya: tana riƙe manya, ƙanana kuwa suna zubewa ƙasa ba mai tambayarsu. Mai karatu ya ɗauki tsohon hoton ajinsa ya ƙidaya kawunan da ke ciki, sa'an nan ya ƙidaya sunayen da ya ji an kira a taron bara. Ina sauran? Ai ba duka suka mutu ba.

Mutanen da rariyar nan ke zubarwa kashi uku ne.

Kashi na fari su ne abokan aji waɗanda karatu bai kai su ko'ina ba. Lakwal aji shida ne, a ƙarshensa kuma ga jarrabawar sartifika da ta shiga kwaleji, ƙofa ce ƙunƙunta wadda ba kowa ke wucewa ba. Wani ma bai kai bakin ƙofar ba. Yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985 sun kwashe yara daga aji suka bi iyayensu neman abinci. An cire 'yan mata aka yi musu aure. An cire wani don ubansa ya rasu, ba mai riƙe gona. Yau waɗannan su ne manoma, da teloli, da 'yan ga-ruwa, da masu tuya a bakin tasha, da 'yan ci-rani. Su ma suna da labari: sun yi aure, sun haifu, sun binne 'ya'ya, wani ya makance, wata mijinta ya tafi Libiya bai komo ba. Amma labarinsu ba ya shiga takarda, gama ba labarin da ake yi wa tafi ba ne. In an yi sa'a ɗaya daga cikinsu ya zo taro, sai a tarar ba shi da kuɗin anko, ya zauna can baya kusa da masu wanke kwanoni. Wanda suka yi shekara shida a benci ɗaya ya miƙa masa hannu daga nesa ya ce, "Ɗan'uwa, kwana biyu," ya wuce babban tebur.

Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta yi wa irin wannan zama hukunci. Ta kawo misalin mutum biyu da suka shigo taron masu bi, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu kyau, ɗaya matalauci cikin tsummoki, aka ba na farin wurin zama mai daraja, aka bar na biyun a tsaye ko a ƙasa. Manzon ya kira wannan nuna bambanci, ya kuma lasafta shi cikin zunubi. Abin kunya ne mutanen da suka haddace surar nan suna yara su zama su ne masu shirya kujeru bisa ga girman albashi.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka yi wahalar makarantar da hannunsu. Tarihin Turawan mishan a rubuce yake, kowa ya san shi. An san Gowans da Kent da Bingham sun sauka Ikko a 1893, biyu na farin kuma suka rasu a 1894. An san mishan ɗin SIM ta zauna Damagaram a 1924, daga baya ta buɗe Tsibiri ta Gobir. An san Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, an buɗe asibitin Galmi a 1950. 'Yan Katolika su ma sun san shekarar da Yamai ta zama dayosis, 1961, da shekarar da aka yanke ta Maraɗi, 2001, sun kuma san sunayen fada-fada da sistocin da suka zo daga ƙetare. Mutanen nan sun bar ƙasashensu, waɗansu sun bar ƙasusuwansu a nan, ba mai hana a gode musu. Amma Bature ba shi kaɗai ya koyar da karatu ba. Wa ya riƙe hannun yaro ya koya masa jan baƙi a kan allo? Mushe ne, baƙin mutum, ɗan ƙasa ko baƙo daga Dahomi ko Togo ko Nijeriya. Wa ya bi ƙauyuka a kan keke yana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu? Mai bishara ne da katikis. Wa ta tashi tun kafin carar zakara ta daka hatsin 'yan makarantar kwana, ta yi jinyar mai ƙyanda, ta wanke shimfiɗar mai fitsarin kwance ba ta tona masa asiri ba? Wata tsohuwa ce da yara ke kira Inna ko Iya, wadda yau ba mai iya faɗin cikakken sunanta.

Da yawa cikin waɗannan bayin Allah albashinsu ɗan kaɗan ne, waɗansu kuma sun tsufa ba fansho. Waɗanda suka ɗan tara wani abu, karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, da aka rage ta da rabi, ta cinye musu shi a kuɗin magani da kayan waje. Waɗanda suka rage da rai yau suna zaune a zaurukansu, idanu sun dushe. Ɗalibansu suna ambaton bulalarsu a taro don a yi dariya, amma ba a aika musu da mota ba, ba a kai musu ko kwanon abincin taron ba. Sai ranar da suka rasu a tashi tsaye a yi shiru na minti ɗaya, a yanka sa a wurin jana'iza. Kuɗin san nan da zai sayi maganin hawan jini na shekara guda tun mutumin yana numfashi.

Littafin Farawa sura 40 ya ba da labarin mai shayarwar Fir'auna, wanda ya sha wahalar kurkuku tare da Yusufu. Yusufu ya fassara masa mafarki, ya roƙe shi ya tuna da shi in ya fita. Mutumin ya koma fada ya manta, har shekara biyu cif suka wuce, bai tuna ba sai da bukatar fada ta taso. Mai shayarwar bai yi wa Yusufu sharri ba, bai zage shi ba, bai ƙwace masa kome ba. Mantuwa kawai ya yi, mantuwar nan kuwa ta ƙara wa marar laifi shekara biyu a ɗaure.

Kashi na uku su ne waɗanda aka bari a waje saboda addini ko ɗarika. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun kai 99 cikin 100 na mutanen Nijar, makarantun mishan kuwa sun daɗe suna karɓar 'ya'yan Musulmi, a makarantun Katolika ma su ne suka fi yawa. Yaron da ya ci tuwo a akushi ɗaya da 'ya'yan masu bi, ya sha bulala ɗaya, ya ɗauki simbol ɗaya, tsohon ɗan makarantar ne sosai, ko da yau Alhaji ne ko Hajiya. Haka nan wanda ya bar bi, da wanda ya koma wata ikkilisiya tun rarrabuwar da ta auku tsakanin masu bi na bishara wajen 1990. In Alhajin minista ne, ba a manta a kai masa takardar gayyata. In kuwa mai faci ne a bakin hanya, sai a ce ai ba na ciki ba ne. Ashe ba addini ne ma'aunin ba, aljihu ne. A tuna fa da ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, sa'ad da aka ƙone majami'u masu yawa, wutar kuma ta taɓa makarantu. A kwanakin nan an sami Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Irin wannan amana ba a rana ɗaya take tsira ba. Daga maƙwabtaka take fitowa, da zaman benci ɗaya. Ƙungiyar da ke yanke wannan igiya da hannunta tana sare reshen da take zaune a kai.

Masu kare al'adar nan suna da amsoshi, ya kamata a saurare su. Waɗansu sukan ce, "Taron nishaɗi ne, ba ƙungiyar agaji ba ce." To, in haka ne, don me ake buɗe shi da addu'a, a rufe da addu'a, a ɗora masa sunan makarantar da aka gina da baikon talakawa? Wanda ya ɗauki sunan ya ɗauki nauyin. Waɗansu sukan ce labarin waɗanda suka ci gaba yana ƙarfafa yara masu tasowa. Gaskiya ne, kada a daina karanta shi. Amma yara suna da ido. In suka ga mai mota kaɗai ake yi wa tafi, malamin da ya koyar da shi kuwa ba a san inda yake kwana ba, darasin da za su ɗauka shi ne kada kowa ya yarda ya zama malami. Waɗansu kuma sukan ce ba a san inda sauran suke ba. Wannan ita ce hujja mafi rauni a zamanin da kusan kowane ƙauye akwai mai wayar hannu. Mutanen da ke iya gano lambar darakta cikin yini ɗaya ba za su kasa gano manomin da ke ƙauyen da aka haife shi ba. In ana so, ana samu.

Gyaran ba mai wuya ba ne, ba ya kuma bukatar taimako daga ƙetare. Da fari, a koma ga littafin kiran suna na kowane aji, a kwafe sunayen duka kamar yadda mushe yake kiransu da safe, ba bisa ga muƙami ba. A raba wa kowane mai zuwa taro suna biyu ko uku ya nemo labarinsu kafin baɗi, ko suna da rai ko sun riga mu gidan gaskiya in ji masu iya magana, a karanta duka. Na biyu, a aiki matasa da littafi da alƙalami da waya mai ɗaukar murya zuwa wurin tsofaffin malamai da masu dafa abinci, su faɗi abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi, har da zaluncin da aka yi in an yi. A rubuta shi da Hausa, a ajiye kwafi a wuri uku dabam dabam, gama abin da ya faru a 2015 ya nuna takardun shekaru masu yawa suna iya zama toka cikin awa ɗaya, gara da ruwan sama ma ba su hutu. Na uku, a kafa asusu. Mutum 100 in kowa ya ba da jika 1 a wata, an sami jika 100 ke nan, a shekara kuwa miliyan 1 da jika 200. Wannan ya isa a riƙa saya wa tsofaffin malamai magani da hatsi, a kuma biya wa waɗansu marayun abokan aji kuɗin makaranta. A karanta lissafin asusun a gaban kowa kafin a taɓa abinci. Na huɗu, babbar kujera ta zama ta malami mafi tsufa, a kuma daina tilasta anko. Na biyar, takardar gayyata ta kai ga duk wanda sunansa ke cikin littafin aji, ba a tambaye shi inda yake sujada ba.

Littafin Nehemiya sura 3 jerin sunaye ne na waɗanda suka gyara garun Urushalima. An rubuta firistoci, an rubuta maƙeran zinariya da masu yin turare da 'yan kasuwa, an rubuta wani shugaba da ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Ba a manta kuma da manyan mutanen Tekowa ba, sai dai abin da aka rubuta a kansu shi ne sun ƙi sa hannu cikin aikin. Wata rana jikoki za su buɗe takardun ƙungiyoyin nan su ga wa aka ambata, wa aka tsallake, wa ya yi tafi ya tafi gida. Tsofaffin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba za su jira a gama shawara ba. Kafin taro mai zuwa, kowane magatakarda ya zauna da tsohon hoton aji, ya ɗora yatsa a kan kowace fuska, kada ya rufe takardarsa sai ya san abin da ya sami mai fuskar. Ubangiji ya ba da ikon yi. Amin.