Kwatance Daban, Sawu Daban: Abin da Ke Ɓacewa Idan Aka Sauya Fayil ɗin Hanya

A gabashin Faransa akwai wata hanya da mahaya babur na Turai suke buri su bi ko sau ɗaya a rayuwarsu. Sunanta Route des Grandes Alpes. Tana tashi daga garin Thonon-les-Bains da ke bakin tafkin Geneva, ta nausa kudu har Menton a gaɓar Bahar Rum, tafiyar kimanin kilomita 700 a cikin tsaunukan Alps. Tana ƙetare mashigan duwatsu fiye da 15, cikinsu har da Galibier mai tsayin mita 2,642, da Iseran wanda ya haura mita 2,760, aka kuma buɗe titinsa a 1937. Masu bin ta kan raba ta kwanaki da dama. Amma da za ka ba manhajar taswira sunayen garuruwan nan biyu kawai, sai ta ɗora ka a kan babban titi, ta kauce wa mashigan, ta sauke ka a Menton a yini guda. Ka isa inda za ka, tafiyar da ka fito dominta kuwa ba ka yi ta ba.

Saboda haka mai shirin irin wannan tafiya yakan zauna a gaban kwamfuta ya zana hanyarsa gari-gari, sannan ya tura ta zuwa waya ko na'urar GPS da ke maƙale a kan babur. A wannan turawa ake samun ɓaraka. Manhajar da ya yi zane da ita da na'urar da zai bi ba lallai ne su yi magana da harshe ɗaya ba, don haka dole a sauya fayil daga wani tsari zuwa wani. Mutane da yawa suna ɗaukar sauyin tamkar juye ruwa daga tulu zuwa randa. Ni kuwa ina ganin ya fi kama da tafinta, kuma kowane tafinta yana da abin da yake zubarwa. Matsayina shi ne, duk mai shirin tafiyar kwanaki ya riƙe hanyarsa ta asali a matsayin sawu cikin fayil ɗin GPX, ya raba ta kwana-kwana, kuma kada ya yarda da wani fayil da aka sauya sai ya auna shi da wancan sawun.

Zango, kwatance da sawu

Tsarin GPX kamfanin TopoGrafix na Amurka ne ya fitar da shi a 2002, aka sabunta shi a 2004, kuma har yau wancan sabon fasalin ne ake amfani da shi. Rubutu ne zalla, wanda za ka iya buɗewa ka karanta da idonka. Abubuwa iri uku yake iya ɗauka, kuma fataken da suka riƙa kai-komo tsakanin Kano da Gwanja sun san su duka tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta.

Na farko shi ne zango, wato wuri guda mai suna: gidan mai, masauki, kan iyaka. A cikin fayil ana yi masa alamar wpt. Na biyu shi ne kwatance, mai alamar rte. Jerin wurare ne 'yan kaɗan da aka ce a bi ɗaya bayan ɗaya, kamar a ce maka ka bi ta Zariya, ka wuce Birnin Gwari, ka ƙetare Kwara. Abin da ke tsakanin wuraren an bar wa hankalinka. Na uku shi ne sawu, mai alamar trk: ɗigogi dubbai a jere, kowanne kusa da ɗan'uwansa, suna zana ainihin inda ƙafa ta taka.

Bambancin na biyu da na uku shi ne tushen maganar duka. Idan ka ba na'ura kwatance, ita za ta lissafa hanyar da ke tsakanin wuraren, da taswirar da ke cikinta, da kuma umarnin da aka saita mata, ko mafi sauri, ko mafi kusa, ko gudun titin da ake biyan kuɗi. Abokai biyar za su iya karɓar fayil ɗaya, amma wannan yana da taswirar kamfanin Garmin, wancan yana amfani da manhajar OsmAnd wadda ke dogara da taswirar OpenStreetMap, ga wani kuma taswirarsa ta shekara uku ba a sabunta ta ba. A mararraba ta farko ayari zai rabu, kowa yana da yaƙinin shi ne a kan daidai. Ko a Galibier kansa, akwai hanyar da aka huda ta cikin dutsen ƙasa kaɗan da ƙololuwa. Idan ba a dasa ɗigo a kan ƙololuwar ba, na'ura na iya zura ka ta ramin, ka fito ɗaya gefen ba ka ga abin da ya kawo ka ba.

Sawu ba a lissafa shi. Layi ne da aka shimfiɗa a kan taswira, kuma yadda yake a wayata haka yake a taka. Wannan ya sa masu kula da Trans Euro Trail, hanyar burji da ta ratsa ƙasashen Turai da dama, da ƙungiyar Backcountry Discovery Routes ta Amurka, suke raba hanyoyinsu kyauta a matsayin sawun GPX.

Daga Kano zuwa Ganye ba tare da motsi ba

Ɗaya tsarin da ake yawan cin karo da shi shi ne KML. Kamfanin Keyhole ne ya ƙirƙire shi, Google ya saye kamfanin a 2004, kuma a 2008 tsarin ya zama ma'auni na bai-ɗaya a hannun ƙungiyar OGC. An gina shi ne domin nuna abubuwa a kan Google Earth, shi ya sa ya ƙware wajen launi da tambari da jera bayanai cikin rukuni. Bai san wani abu wai shi kwatancen da na'ura za ta lissafa ba. A wurinsa hanya layi ce kawai. Idan aka juya shi zuwa GPX, launukan da ka raba kwanaki da su sukan tafi, rukunan su narke. Fayil ɗin da Google My Maps ke fitarwa kuma yana rubuta sifiri a gurbin tsayin ƙasa, don haka mashigin Iseran zai bayyana daidai da bakin teku, mai son ya san yawan hawan da ke gabansa ya tashi a tutar babu.

Akwai wani tarko da ya fi wannan. Kowane wuri a duniya lambobi biyu ne ke nuna shi: ɗaya tana faɗin nisansa arewa ko kudu daga tsakiyar duniya, ɗaya kuma nisansa gabas ko yamma. A al'ada ana fara faɗin ta arewa. KML kuwa da ta gabas yake farawa. Manhajojin kirki sun san wannan, amma wanda ya kwashi lambobi da hannu ya zuba a jadawali, ko ya yi amfani da gurguwar manhaja, yana iya juya su. Kano tana kan digiri 12 arewa da kusan digiri 8.5 gabas. Juya lambobin, sai ka samu digiri 8.5 arewa da 12 gabas, wato kusa da Ganye a Jihar Adamawa, fiye da kilomita 500 daga Kano a miƙe. Haɗarin irin wannan kuskure a yankinmu shi ne ba ya jefa ɗigon cikin teku inda kowa zai gane nan take. Yana barin sa a cikin Nijeriya, a wurin da ido zai iya wucewa bai yi zargi ba.

Yawan lambobin da ke bayan ɗigon lissafi ma abin lura ne. Digiri ɗaya na arewa kimanin kilomita 111 ne. Lambobi biyar bayan ɗigo suna nuna wuri da kuskuren da bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Idan wata manhaja ta datse su zuwa uku, kuskuren na iya kai gomman mitoci, kuma wannan ya isa ya ɗauke ɗigonka daga tsohuwar hanya ya ɗora shi a kan babban titin da ke gefenta, ko a hannun da ke komawa baya. Na'ura ba ta gardama. Za ta sa ka yi zagaye mai nisa domin ka taɓa ɗigon da ta ga an dasa.

Dalilin rabawa kwana-kwana

Kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Google Maps ba ya karɓar wurare fiye da 10 a tafiya ɗaya, kuma ba ya fitar da GPX kai tsaye. Tsofaffin na'urorin Garmin da yawa ba sa ajiye sawun da ya wuce ɗigo 500. A raba kilomita 700 da 500, sai a ga tsakanin ɗigo da ɗigo akwai kilomita 1.4. A titin dutse mai lanƙwasa kamar maciji, wannan layi zai riƙa yanke kwazazzabai a miƙe, ba zai nuna maka ko wane reshe za ka bi ba. Idan kuma ba a rage ɗigogin ba, na'urar kan ɗauki na farkon ta yar da sauran, sawu ya ƙare a tsakiyar daji a rana ta biyu.

Maganin shi ne kowace rana ta samu fayil nata, daga masauki zuwa masauki, da suna gajere mai lamba a gaba. A guji haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ a cikin sunayen, domin wasu na'urori kan mayar da su alamar tambaya. Rabawar tana da wata fa'ida da ta wuce ta na'ura: tana tilasta wa mai shiri ya yi lissafin madugu. A ce tankin babur yana cin lita 15, kowace lita tana kai shi kilomita 20. Ke nan yana da kilomita 300, kuma mai hankali zai dasa zangon mai tun kafin 200. Sawu ba ya ɗauke da gidan mai a cikinsa. Zangunan daban suke a fayil, kuma wasu manhajojin sauyi kan kwashi layi su bar su a baya. Abu na farko da za a ƙirga bayan kowane sauyi shi ne su.

Hujjar masu son kwatance

Masu kwatance suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. A na'urori da yawa sawu ba ya magana. Ba zai ce maka ka juya dama nan da mita 200 ba, sai dai ka riƙa duban allo, kuma duban allo a kan babur a bakin rami ba ƙaramin haɗari ba ne. Ban da haka, sawu ba ya sauya shawara. Idan zaftarewar ƙasa ta tare hanya, ko dusar ƙanƙara ta rufe mashigi, kamar yadda take rufe Iseran da Galibier tsawon hunturu har zuwa wajen farkon watan Yuni, layin zai ci gaba da nuna maka gaba. Kwatance ne ke iya nemo mafita.

Na yarda da wannan duka, kuma shi ya sa ban ce a jefar da kwatance ba. A ɗauki biyun. A fitar da kwatance daga sawu, a dasa masa ɗigogi masu yawa, kowanne ɗan bayan mararraba, domin na'ura ta rasa inda za ta kauce. A nuna sawun a ƙarƙashinsa da wani launi daban. A kashe umarnin da ke sa na'ura ta sake lissafi da kanta, ko a saita ta ta nemi izini tukuna. Muddin launukan biyu suna tare, a bi murya. Da zarar sun rabu, a tsaya a gefen hanya a duba dalili. Kwatance ɗan jagora ne da aka ɗauka haya, sawu kuwa shi ne yarjejeniyar da ayari ya yi tun daga gida.

Gwajin sauyi ba shi da wuya. A buɗe sabon fayil a wata manhaja daban da wadda ta samar da shi, a kwatanta jimillar nisa da ta asali. Idan ta asali ta ce kilomita 240, sabuwa ta ce 205, to an yanke wani abu. Kuma kowane sabon tsari a fitar da shi daga fayil na asali. Sauyi a kan sauyi kamar saƙon baki ne da ya bi ta mutum huɗu.

Wa ya ga fayil ɗinka?

Yawancin masu sauya fayil suna loda shi ne a wani shafin intanet na kyauta da ba su san mai shi ba. Fayil ɗin tafiyar kwanaki kuwa yana faɗin inda za ka kwana kowane dare, kuma sawun da na'ura ta naɗa yana ɗauke da lokacin kowane ɗigo, galibi tun daga ƙofar gidanka. A farkon 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta tona fasalin sansanonin soja a ƙasashe irin su Afganistan da Siriya, daga sawun sojojin da ke gudun motsa jiki kawai. Ga wanda zai yi tafiya a hanyoyin da ake fama da masu garkuwa da mutane, wannan ba zancen nesa ba ne. Akwai manhajoji irin su GPSBabel, kyauta, da ke yin sauyin a cikin kwamfutarka ba tare da fayil ya fita ko'ina ba. Su suka fi dacewa.

Bayan an yi duk wannan, akwai abin da babu tsarin fayil da zai ɗauka. A 2011 an hana hawan babur a Maiduguri, a 2015 aka yi haka a yankin Diffa na Nijar, kuma titunan suna nan a taswira kamar babu abin da ya faru. Sawu shaida ce cewa wani ya taɓa bi, ko wani ya yi niyyar bi, a wata rana da ta wuce. Halin da gada take ciki bayan ruwan jiya, da abin da ke faruwa a dajin da ke gaba, sai a bakin direbobin tasha da mai shayin bakin hanya. Fayil mai kyau aikinsa shi ne ya sa ka san sunan garin da za ka tambaya a kai, da kuma inda za ka koma kan layi idan aka ce maka ka zagaya. In an ce a zagaya ɗin kuwa, a zagaya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.