TSOHON KAN JIRGI A KAN SABON DOGO

A wannan mako zan ɗan kauce wa batun siyasa da tsadar kayan masarufi, in kai ku wurin wasa, amma fa irin wasan da masu furfura suka fi yara ƙwarewa a kansa, watau wasan ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur. Kada mai karatu ya yi saurin juya shafi, domin kuwa akwai abin lura a ciki.

Akwai wani dattijo maƙwabcina a nan Ikko, mutumin Zariya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin reluwe kamar yadda mahaifinsa ya yi. Ran nan ya aiko a kira ni, na tarar da shi zaune gaban wani tsohon akwati, jikansa da ya dawo karatu daga Ingila yana tsugune a gefe. A cikin akwatin akwai ɗan kan jirgi na ƙarfe, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, da taragai huɗu, da guntayen dogo na gwangwani. Ya ce wani Bature injiniya ne ya bar wa mahaifinsa sa'ad da zai koma gida, gab da samun mulkin kai, shi kuwa Baba yana ɗan shekara goma sha biyu. Shi kuma jikan, da yake ya san kakansa da son abin, sai ya yi masa tsarabar sabon jirgi na zamani, da dogonsa da na'urar sarrafa shi.

Suka shimfiɗa sabon dogo a kan faifan katako, sabon jirgi ya yi ta zagaye har da kukan usur. Sai Baba ya ɗauko tsohon kan jirginsa, ya auna, ya ga ƙafafunsa sun zauna daram a kan sabon dogon. Amma yana ɗora shi sai komai ya tsaya cik, na'ura ta ɗauke wuta tana ƙyafta jan ido. Ya ɗauke, wuta ta dawo. Ya mayar, ta sake ɗaukewa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da kake tone-tonen labarai, je ka binciko mini. Faɗin dogo ɗaya ne, me ya hana shi tafiya?" Na ce, "To, Baba, a ba ni kwana bakwai." Abin da na samo ke nan nake so in ba ku.

Da farko dai ya kamata a san cewa wannan sana'a tsohuwa ce, kuma gidaje uku ne suka fi yin suna a cikinta. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a ƙasar Jamus an kafa shi a 1859, kuma a 1891 ya baje jirgin wasa mai wani, irin na agogo, tare da dogo mai ƙayyadadden faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig. A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900. A Ingila kuwa, Frank Hornby na Liverpool, mai kayan haɗe-haɗen nan na Meccano, ya fitar da jirginsa mai wani a 1920, sa'an nan a 1938 kamfanin ya fito da ƙaramin samfuri mai suna Hornby Dublo. Jirgin Baba irin wannan ne. Faɗin dogonsa milimita 16.5, kuma har gobe wannan shi ne faɗin da aka fi amfani da shi. Saboda haka Baba bai yi kuskuren awo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da wuta ke bi. Tsohon dogon Dublo ƙarafa uku gare shi. Wuta tana shiga ta ƙarfen tsakiya, wani ɗan cokali a ƙarƙashin kan jirgi yana shafarsa yana ɗauka, ta ratsa injin, sa'an nan ta koma ta ƙafafu zuwa ƙarafan gefe biyu. Tun da aikin ƙarafan gefen ɗaya ne, ba a damu a raba ƙafar dama da ta hagu ba, sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su. Sabon dogo kuwa ƙarafa biyu ne rak, ɗaya na kai wuta ɗaya na komo da ita, kuma tilas a sa roba tsakanin ƙafa da sandarta don kada su gamu. To, da Baba ya ɗora kan jirginsa, sandar nan ta zama gada tsakanin ƙarfen dama da na hagu, wuta ta haɗu, na'ura ta kare kanta ta hanyar ɗaukewa. Shi kansa kamfanin sai a 1959 ya soma yin mai ƙarafa biyu, kuma a 1964 kamfanin Lines Brothers, masu jirgin Tri-ang, suka saye shi.

Matsala ta biyu ita ce irin wutar. A tsohon tsari, wuta mai miƙewa ce irin ta batir, ƙarfin bolt 12. In kana son gudu ka ƙara wuta, in kana son tsayawa ka rage, in kana son baya ka juya ta. A sabon tsari, wanda ake kira DCC, wanda aka gina a kan aikin Bajamushen nan Bernd Lenz, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka kuma ta amince da shi a farkon shekarun 1990, wuta tana kan dogo a cike kullum, wajen bolt 14 zuwa 16, tana kai da komo sau dubbai a daƙiƙa guda. A cikin kai da komon nan ake aika umarni, kowane kan jirgi kuma yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa da lambarsa, ba ya motsi sai an kira shi. Ta haka ake tuƙa jirage goma a dogo ɗaya, kowa da gudunsa. Amma tsohon injin da ba shi da wannan ƙwaƙwalwa, ko da mai ƙarafa biyu ne, in aka bar shi a kan irin wannan dogo sai ya yi ta tsuwa yana ɗaukar zafi, in an yi sakaci wayoyin cikinsa su ƙone. Ashe ɗaukewar wutar da ta ɓata wa Baba rai gata ce Allah Ya yi masa.

Haka abin yake a sauran ƙasashe, kowa da irin ciwon kansa. Tsofaffin jiragen Lionel suna cin wuta mai kai da komo a kan ƙarafa uku, ana sauya musu alƙibla ta hanyar katse wuta: gaba, tsayawa, baya, tsayawa. Sabon tsarin kamfanin, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1990, yana barin bolt 18 a kan dogo kullum, saboda haka wanda ya ɗora tsohon kai a kansa ba tare da rage wuta ba, zai ga ya zabura a guje ya yi tsalle a kwanar farko. Bugu da ƙari, wajen 1950 kamfanin ya soma sa maganaɗisu a ƙafafun jiragensa don su kama dogo su ja taragai da yawa, amma wasu sababbin dogayen ana yin su da gaurayen tagulla wanda maganaɗisu ba ya kamawa, sai dabarar ta tashi a banza. Na Märklin kuma ana juya tsohon kai ne da bugun wuta mai ƙarfi, wajen bolt 24, shi ya sa ake gargaɗin kada a haɗa tsohuwar taransifoma da sabon jirgi, don bugun nata yana iya wuce abin da 'yar ƙwaƙwalwar za ta jure.

Matsala ta uku tana ƙafa. Kowace ƙafar jirgi, babba ko ƙarami, tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta zamewa daga dogo. Masu ƙera na dā sun yi leɓen da kauri da zurfi, domin yara za su yi wasa da shi a kan dardumar ɗaki. Masu sha'awar yau kuwa suna son komai ya yi kama da na gaske, sai aka rage tsayin ƙarfen dogo. Wanda ake kira lamba 100 tsayinsa milimita 2.5 ne, lamba 75 kuwa milimita 1.9. Tsohuwar ƙafa mai zurfin leɓe tana bin lamba 100 lami lafiya, amma a kan lamba 75 sai ta riƙa dukan maƙallan dogo tana tsalle, a mararraba kuma ta cije ko ta goce. Bambancin da bai kai milimita ɗaya ba shi ke kayar da jirgi.

Sa'an nan ga cututtukan tsufa. Man da aka sa shekara sittin da suka wuce ya daskare ya zama kamar danƙo. Maganaɗisun injin yana sanyi, musamman in an taɓa cire shi daga mazauninsa, kuma in ya yi sanyi injin ya riƙa zuƙar wuta yana zafi ba ƙarfi. Wasu gangunan da aka zuba da tutiya mara tsabta suna kumbura su tsattsage da kansu, wannan kuwa ba shi da magani. Masana sun hana a goge dogon gwangwani da takardar yashi, don tana kankare rufinsa tsatsa ta samu ƙofa, sun kuma hana soson ƙarfe, don ɓurɓushinsa yana mannewa a maganaɗisu. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa kowace gaɓa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar taransifomar da ke ƙasan akwatin, wadda Baba ya yi niyyar cusawa a bango. Robar wayarta ta bushe, ana lanƙwasa ta tana marmashewa, tagulla a fili. Wannan ba maganar jirgin wasa ba ce kuma, maganar rai ce da gobara. Ina kira ga duk wanda ya gaji irin wannan kaya, ko ya tsinta a wurin 'yan gwanjo, kada ya jona sai mai aikin lantarki ya duba. A tuna kuma cewa kayan Amurka an yi su don bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce. Haka nan tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ba ta hana sa ta a fentin gida da kayan wasa ba sai a 1978, don haka kada a bar yaro mai kai komai baki ya riƙe shi.

To, mece ce mafita? A nan masu abin suka rabu biyu. Wasu sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: a cire tsofaffin ƙafafu a sa masu roba, a yanke cokalin tsakiya, a dasa ƙwaƙwalwa mai jure yawan wutar da tsohon injin ke ci. Jikan Baba yana wannan ɓangare, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, domin jirgin da ke tafiya ya fi wanda ke kwance a akwati. Wasu kuwa sun ce wanda ya yi haka ya sami jirgi mai tafiya amma ya rasa abin tarihi, darajarsa a wurin masu tarawa ta faɗi, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Su shawararsu ita ce a gyara wurin, a bar jirgin: a shimfiɗa masa nasa zagayen dabam da irin dogonsa, da tasa na'urar wuta, ba waya ko ɗaya da ta haɗa shi da sabon.

Ni dai na goyi bayan na biyun, dalilina kuwa shi ne gyaran tebur ana iya warware shi gobe, gyaran jirgi ba a iyawa. Baba ma da na gama bayani ya ce, "Ɗana, hannun mahaifina ya taɓa ƙafafun nan, ba mai cire su ina raye." Muka share tsofaffin guntayen dogo da tsumma, muka matse bakunansu, muka jera su daga cikin sabon zagayen tun da kwanarsu ta fi matsewa. Wani mai gyaran rediyo ya wanke injin, ya haɗa mana sabuwar na'urar bolt 12 mai maɓallin ƙari da ragi. Da aka ba shi wuta ya yi ɗan gurnani, ya yi jim, sa'an nan ya ɗaga a hankali yana jan taragansa huɗu da ƙarar gwangwani, sabon jirgi yana wuce shi ta waje. Baba bai ce uffan ba har ya zagaya sau uku.

Da muka zauna shan shayi, shi ne ya ɗauko zancen da ya sa na ga abin ya isa a rubuta. Ya ce wannan ai labarin reluwen ƙasar nan ne a kan tebur. Dogon da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067, watau ƙafa uku da inci shida. Sabon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Badun a 2021, faɗinsu milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan, ko da tasha ɗaya suka kwana. Ya tuna mini da ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957, yau sai dai labari. Damuwarsa ita ce kada murnar sabo ta sa a bar tsohon ya ruɓe, alhali shi ne ya ratsa garuruwa da ƙauyukan da sabon bai kai ba tukuna, kuma masu sanin sirrin gyaransa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an zaunar da su an rubuta abin da ke kansu ba.

Ban ga abin da zan ƙara a kan wannan ba, illa in ce Turawan da ke kashe dare suna lallashin injin wasa mai shekara saba'in ba wauta ke damunsu ba. Sun san da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma san sabo da tsoho suna zama wuri ɗaya in an ba kowa hanyarsa da irin wutarsa. Wanda ke da irin wannan akwati a ƙarƙashin gado ya fito da shi ya duba, amma ya fara da waya kafin ya kai ga jirgi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.