Wa Ke Biyan Bashin Yaƙi?



Da na je hutu Safana, kakana ya zazzage mini wani tsohon gwangwani. A ciki akwai anini mai huda da sulalla iri biyu, ɗaya fari, ɗaya ja-ja. Ya ce mahaifinsa ne ya ajiye su. Farin na azurfa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, sai Turawa suka kawo sulen tagulla a 1920, suka ce darajarsu ɗaya. Mutane ba su yarda ba, kowa ya ɓoye farin, ya kai jan kasuwa.

Da na komo makaranta, malaminmu na Tarihi ya ba mu labarin ƙasar Suwidin. Yaƙe-yaƙen Sarki Charles na 12 sun cinye baitulmali, bashi ya yi katutu. Daga 1715 aka riƙa buga 'yan ƙananan kuɗin tagulla, aka ce a karɓe su a matsayin dalar azurfa. Kaya suka yi tsada. An kashe sarkin a fagen fama a 1718, a 1719 kuma hukuma ta karɓi kuɗin a rabin darajarsu, aka sare kan mashawarcinsa Gortz. To, amma wa ya mayar wa manomi rabin guminsa? Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

A ganina wannan haraji ne na ɓoye. Mu ma a 2023 majalisa ta amince da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci daga Babban Banki, a 2024 kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Mahaifina ya sayar da geronsa a kasuwar Batsari da kaka, ya ajiye kuɗin don taki. Kafin damina ta faɗi, kuɗin sun kasa.

Wani zai ce ai sojan da ke tsaron dajin Rugu sai da albashi. Gaskiya ne, mu da muka san kwana cikin fargaba ba za mu musa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma a faɗa wa talaka nawa aka ci, a kan me, kuma yaya za a biya.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabanninmu su ji tsoron Allah, kada su biya bashi da gumin wanda ba a yi shawara da shi ba.