Ra'ayi: Mun dasa miliyoyin itatuwa a Adar, ina lambun da 'ya'yanmu za su san sunayensu?

Duk ɗan Adar da ya taɓa zaman ci-rani a Abidjan ya san Bingerville. A can akwai wani tsohon lambun tsirrai da aka kafa tun 1904, inda jama'a ke zuwa ranar Lahadi su sha iska. Na shiga lambun nan tare da wani abokina ɗan Bouza da ke kasuwanci a Adjamé, yana riƙe da hannun ɗansa mai shekara tara wanda aka haifa a can. Muna cikin zagaye, uban ya ce shi kam duk itatuwan nan ba su kai masa anza ɗaya daraja ba. Yaron ya ɗaga kai ya ce, "Baba, mene ne anza?" Uban ya yi shiru.

Ni ma shirun na yi. Anza ita ce ta riƙe kakanninmu a shekarun fari, ana jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan a dafa a ci. Yau ga jikansu bai san ko sunanta ba. Kuma kada mu ɗora laifin kan Abidjan. Ɗauki ɗan makaranta a cikin garin Madaoua, ka ce ya bambance maka ƙirya da marke, ko jiga da aduwa, ka ga yadda zai yi ta kame-kame.

Abin takaicin shi ne, a duk Nijar da wuya ka samu yankin da ya kai namu tarihin dashen itace. A 1975 aka fara aikin shingen iska a kwarin Majiya, cikin gundumar Bouza, da haɗin gwiwar ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji. An jera bedi, wato dogon yaro, layi biyu-biyu a tsakiyar gonaki, iska ta daina kwashe ƙasa, amfanin hatsi ya ƙaru. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da Shirin Abinci na Duniya. An dasa itatuwa kusan miliyan 18, an farfaɗo da dubban hekta na faƙo da duwatsu. Su wa suka ɗauki duwatsun nan a ka? Galibi mata ne, iyayenmu da yayyenmu, domin maza sun tafi ci-rani.

To mutanen da suka yi wannan aiki, ashe ba su cancanci ɗan fili a cikin gari ba, inda jikokinsu za su zauna a inuwa su karanta sunan kowace bishiya? A Kano akwai Gidan Zoo na Audu Bako, a Zariya Jami'ar Ahmadu Bello na da lambun tsirranta, a Ghana akwai na Aburi tun 1890. Mu abin da muke da shi wuraren renon dashe ne na ma'aikatan gandun daji, kuma aikinsu fitar da irin dashe, ba tarbar baƙi ba.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Magadan garin Madaoua da Bouza da Keita su ware hekta biyu ko uku kowannensu, a yi musu takarda, a kewaye. Kada a ɓata kuɗi kan ciyawar Turawa da furannin da ke shan ruwa kamar raƙumi. A dasa namu: gawo, kuka, tsamiya, magarya, kanya, ɗanya, goriba, bagaruwa, kalgo, sabara, dakwara. Kowace a kafa mata allo da sunanta a Hausa da Tamajaƙ da Fulatanci da Faransanci, a rubuta amfaninta. A gayyato tsofaffi da masu maganin gargajiya su riƙa yi wa 'yan makaranta bayani, tun suna raye.

Na san za a ce, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro da ƙarancin ruwan sha, wa ke ta lambu? Tambaya ce mai nauyi. Amma itatuwan da na lissafa ba ado ba ne, abinci ne da magani da abincin dabbobi. Gawo kaɗai ya isa misali: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da awaki. Yaron da ya san haka ba zai sare shi don gawayi ba. Batun ruwa kuwa, waɗannan itatuwa shekara biyu ko uku na farko kawai suke buƙatar ban-ruwa.

Haɗarin gaske shi ne 'yan filaye. Mun ga abin da ya faru da koren zoben Yamai da aka fara dasawa a 1965, yadda gine-gine suka yi ta cin sa. Don haka takardar fili ta zo kafin dashe. Kuma kada a maimaita abin da muka saba gani ranar 3 ga Agusta: a dasa gaban kyamara, a watse, awaki su ƙarasa aikin.

A nan ne 'yan ci-rani za su shigo. Ƙungiyoyinmu na Abidjan da Legas da Accra da Tripoli sun saba tara kuɗi su gina masallaci ko aji a gida. Rijiya ɗaya mai famfon hasken rana, da waya, da albashin mai gadi na shekara uku, ba su fi ƙarfinmu ba. Matasan da ke gida su ɗauki nauyin ban-ruwa, su kuma riƙa tambayar magajin gari inda aka kwana.

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Tsofaffin da suka san sunayen nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina fata ranar da yaron can zai zo hutu Bouza, ubansa ya kama hannunsa ya kai shi gindin anza, ya ce masa, "Ga ta nan."