Gidan Da Agana Ta Shiga

Duk wanda ya zauna da tsofaffin Bafarawa, ko na Isa da Sabon Birni, ya ga fuska mai zanzana, watakila ya ga makahon da ba da makanta aka haife shi ba. Wannan aikin agana ne, wadda kakanninmu su ke kira 'yar rani, don da rani ta fi ɓarna.

In ta shiga gida ba ta kan tsaya ga mutum guda ba. Yaro ya fara da zazzaɓi da ciwon baya, bayan kamar kwana uku ƙuraje su feso. Uwa ta shaƙi numfashinsa wajen jiyya, ƙannensa su kwana bisa tabarmarsa, bayan mako biyu su ma sun kwanta. Mai tsanani ta kan kashe kamar mutum 3 cikin 10.

A zamanin Turawa akwai abin tsare ta, watau lamba, wadda Likita Edward Jenner ya gano a Ingila cikin 1796. Amma gidaje da yawa, da jin mai lamba ya iso, sai su ɓoye marar lafiya cikin ƙuryar ɗaki. Mu da muka yi karatu mun saba kiran wannan jahilci, amma a ganinmu ba mu yi musu adalci ba. Ruwan lamba na wancan zamani zafi ya kan lalata shi a hanya, a tsaga wa yaro hannu a banza, ba ta kama ba. Sau da yawa kuma umurni a ke kawo wa maigida, ba bayani ba. Wa zai miƙa ɗansa ga wanda ya ke tsoro?

Duk da haka ɓoyon ya ci rayuka, gama dangi na zuwa gaisuwa su koma da ita. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri 'yan'uwa ne, cuta kuwa ba ta san iyakar Ingilishi da Faransi ba.

Cikin 1967 aka tasam mata a Nijeriya da Nijar tare, da busasshen magani mai jure zafi, aka bi ta hannun sarakuna da masu unguwa. Sai ga shi ta ƙare a Nijeriya cikin 1970, aka shaida ƙarewarta a duniya cikin 1980.

To, 'yan'uwa, ƙyanda tana nan, iyaye masu shakka kuma suna nan. In an tura mu ƙauye, kada mu raina maigidan da ya ƙi rigakafi. Mu zauna a zaurensa, mu ji dalilinsa, sa'an nan mu faɗa masa namu. Allah ya kiyashe mu, amin.